Yadda na zaɓa wa tsohuwar Civic ɗita turbo

Surukaina a Jos suke, ni kuma a Kaduna nake zaune, don haka a shekara nakan bi hanyar Pambeguwa da Saminaka sau huɗu ko biyar. Motata Honda Civic ce ƙirar 1998, mai giyar hannu, injinta ɗan lita 1.6 wanda Honda ke kira D16Y8. A takarda ƙarfin doki 127 gare ta. A cikin gari ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma da an wuce Saminaka hanya ta fara hawa, ga uwargida a gaba, ga yara uku a baya, but cike da tsaraba, esi a kunne, sai ta koma kamar jakin da aka labta wa mangala biyu. Wata rana na fito zan wuce wata tirela, na take totur har ƙasa, motar tana ta ihu ba ta tafiya, ga wata bas ta ɓullo a gabana. Dole na ja baya na koma gindin tirelar ina shan hayaƙi. Uwargida ba ta ko ɗago kai daga wayarta ba ta ce, "Maigida, mu fa ba sauri muke yi ba." Tun daga ranar maganar turbo ta shiga raina.

Motar ba ta da laifi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kimanin ninki biyu na Kaduna, kuma duk yadda ka yi sama haka iska ke ƙara sirancewa. Masu harkar injin suna lissafin cewa kowace mita 300 tana cinye kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfin injin da ke zuƙar iska da kansa. Shi kuwa turbo aikinsa ɗura wa injin iska da ƙarfi. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin salansa yana juya ɗaya, ɗayar tana matso iska tana tura ta cikin injin, kuma sandar takan yi juyi sama da 150,000 a minti guda. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Abin da ya fi burge ni a tarihin shi ne, a 1918 wani injiniyan General Electric mai suna Sanford Moss sai da ya hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak a Amurka, sama da mita 4,000, don ya nuna turbo zai mayar wa injin ƙarfin da tsayi ya ƙwace. Wato matsalata ta hanyar Jos ce, shekara ɗari kafin ni.

Allah Ya taimake ni wani abokina da muke zama majalisa ɗaya ya riga ni faɗawa. Shi ma Civic gare shi. Ya yi odar cikakken haɗi daga Chaina ta intanet, kwali ɗaya da komai a ciki, a kan kuɗin da bai kai na turbo ɗaya na kamfanin Garrett ba. Ranar da kayan suka iso duk majalisa muka taru a kansu. Komai ƙyal-ƙyal, bututai kamar madubi. Turbo ɗin irin wanda suke kira T3/T4 ne, ƙato, mai tallan ya rubuta zai ɗauki doki 400. Kallon kitse muka yi wa rogo. Da aka ɗaura, sai ya zamana injin lita 1.6 ba shi da hayaƙin da zai juya wannan ƙaton fankan da wuri. A gosulon Kawo motar ta fi da nauyi, sai allurar juyin injin ta haura 4,000 a minti sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an hankaɗa ka daga baya. Bututun da ke tara hayaƙi daga injin siririn ƙarfe ne, ya tsage a wajen walda har sau biyu. Esi kuwa tun ranar farko aka cire shi don babu wurin da salansar za ta bi. Bai cika wata huɗu ba fistin ya fashe masa a hanyar Abuja, janwe ya dawo da motar.

Da na ga gemunsa ya kama wuta sai na nufi gareji wurin Baba, dattijon bakaniken da ke duba min mota tun ina tuƙa ta mahaifina. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai dai yaron nan, wannan ƙarar ta fishhh kake son ji in ka saki totur." Na ce, "Baba, wallahi tudun Jos ne." Ya ce to kafin a yi maganar sayen ko noti ɗaya, a fara auna lafiyar injin. Ya cire fulogai, ya ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda. Ba yawan lambar ya fi damunsa ba, so yake ya ga huɗun sun yi kusa da juna. Sun yi. Ya duba ko tana shan baƙin mai, ya duba lagireto, ya sa na canza bel ɗin tayimin da famfon ruwa. Ya ce injin da ke tari ba a ɗora masa kaya.

Daga nan ne na zauna na yi karatun da ya kamata abokina ya yi, kuma abin da na gano ya sauya min tambayar gaba ɗaya. Da ina tambayar wane turbo ne ya fi ƙarfi. Ashe tambayar ita ce nawa ne fetur ɗinmu da zafinmu za su yarda in ɗura.

Ga yadda abin yake. Iskar da muke shaƙa a bakin teku nauyinta psi 14.7 ne, psi ɗin shi ne ma'aunin matsin iska. In turbo ya ƙara psi 7, injin ya sami ƙarin kusan rabin iskar da yake samu a da. Amma iska in aka matse ta zafi take yi. A watan Afrilu, lokacin da garin ke kai maki 40, iskar da ta fito daga turbo a wannan matsin tana iya dosar maki 90. Injin Civic ɗina kuma da ma yana matse cakuɗen mai da iska sau 9.6, tunda ba don turbo aka ƙera shi ba. Haɗa zafi da matsi da fetur mai rauni, sai man ya riƙa fashewa da kansa ba a kan ƙa'ida ba, ka ji wata ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ke farfasa gefen fistin inda ringi ke zama, kuma ita ta kashe injin abokina. Yaran da muke kallo a YouTube suna ɗura psi 12 ko 15 a Ingila ko Jamus, gidan mansu yana da famfon 95 da na 98, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi, mutum ya zaɓa. Mu famfo ɗaya ne, abin da tanka ta sauke shi za ka sha. Wanda ya yi layin mai a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima motoci suka yi ta lalacewa, ya san abin da nake nufi. Ga kuma ranar da za ka maƙale a hanya sai 'yan bumburutu.

Don haka na yanke psi 6, ba ƙari. A lissafi zai kai ni wajen doki 170, in an cire abin da zafi ke ci. Masu wasa da wannan injin sun daɗe suna cewa sandunan da ke riƙe fistin ɗinsa sirara ne, da an haura doki 200 an shiga gonar haɗari. Ni ban da niyyar leƙa gonar ma.

Da lambar ta zauna, zaɓen turbo ya zo da sauƙi, don ƙarami nake nema, mai tashi da wuri. Wanda raina ya so shi ne Garrett GT2554R, amma da na juya farashinsa zuwa naira sai na rufe shafin. Na koma kan Mitsubishi TD04, wanda Subaru ta sa wa motarta WRX shekara da shekaru, Volvo ma ta yi amfani da danginsa, kuma kamfanin GReddy na Japan a kansa ya gina haɗin da ya sayar wa masu Civic. Na samu na Beljiyam. Na fi yarda da tsohon asali a kan sabon jabu, amma da sharaɗin ka je da kanka ka taɓa. Baba ya nuna min: ka kama sandar da yatsu biyu, in ta ɗan motsa gefe kaɗan ba komai, mai ne zai cike gurbin, amma in tana shiga tana fita, ko fuka-fukan sun goga jikin gidan, ko bakinsu ya cinye, ajiye musu kayansu. Uku muka ajiye kafin na huɗu.

Maganar esi ita ce ba na wasa da ita, kuma ita ce masu tallan haɗin nan ba sa faɗa da babbar murya. A wannan Civic ɗin hayaƙi ta gaban injin yake fita, daf da lagireto da kwamfaresan esi. Yawancin haɗe-haɗen da ake sayarwa an zana su ne don masu tsere, waɗanda cire esi riba ce a wurinsu. Ni in na cire esi a Kaduna, uwargida ba za ta ƙara shiga motar ba, kuma tana da gaskiya. Shi ya sa na nemi gajeren matarin hayaƙi na zubin ƙarfe mai kauri, mummuna a ido, amma ba ya tsagewa kuma yana barin wuri. Wani mai walda a Panteka ya yanka min farantin da ya haɗa shi da bakin TD04 ɗin, ya lanƙwasa salansar ta zagaye kwamfaresan. Kwana uku ya yi yana gwadawa yana cirewa. Intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar kafin ta shiga injin, na sa matsakaici a bayan bamba. Wasu a ƙasashen sanyi sukan ce a psi 6 ba dole ba ne. A nan dole ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kashe turbo da yawa: bututun da baƙin mai ke bi ya koma kaskon injin. Babu famfon da ke tura shi, gangarowa kawai yake yi, don haka sai ya zama mai faɗi, ya miƙe ƙasa ba lanƙwasa, ya shiga kaskon ta saman inda mai ke tsayawa. In aka kuskure, sai mai ya taru a cikin turbo ya riƙa fita ta salansa, a ce turbo ne marar kyau. Baba cire kaskon ya yi gaba ɗaya aka huda aka yi walda a waje, don kada garin ƙarfe ya faɗa cikin injin.

Inda kuɗi ya fi tafiya, kuma inda ban yi ciniki ba, shi ne ƙwaƙwalwar motar. Ita ta asali ba ta san da zaman turbo ba, mai take bayarwa daidai iskar da ta saba gani. Haɗin abokina wata 'yar na'ura ya zo da ita wadda ke ƙara matsa mai kawai in iska ta ƙaru, ba ruwanta da lokacin da fulogi ke ba da wuta, alhali ja da wutar baya kaɗan shi ne babban maganin ƙarar gwangwanin nan. Ni na sayi ƙwaƙwalwar Civic ta ƙirar da ta gabaci tawa, wadda ake kira P28, da allon Hondata S300 a cikinta wanda ke bari a saita ta da kwamfuta, da wayoyin da ke haɗa ta da motata. Na canza nozul daga masu fesa cc 240 a minti zuwa masu 440, na sa famfon mai na Walbro 255, da na'urar da ke nuna min cakuɗen mai da iska a gaban sitiyari. A tafiyar yau da kullum kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai ake so, amma in turbo ya ɗauka sai ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, man da ya ƙaru yana sanyaya silinda. Wanda ya saita min a Legas yake, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ni da ƙanena muke fita hanyar Zariya da asuba, shi riƙe da kwamfuta a cinya ni ina tuƙi, mu aika masa bayanan, ya gyara ya dawo mana da su. Na gaya masa ya saita kamar kullum mafi munin fetur nake sha. Ya ce zan rasa doki kaɗan, na ce na yafe.

Sauran tarkacen ba su da labari: kuloci mai ƙarfi don na asalin ya fara sulɓi a sati na biyu, fulogai masu jure zafi, sabbin birki, da matatar iska ta takarda a cikin akwatinta. Buɗaɗɗiyar matatar nan mai kama da mazurari da samari ke so, ƙurar hunturu za ta bi ta cikinta ta cinye fuka-fukan turbo kamar an goga musu yashi.

In ka tambaye ni ko lissafin ya fita, gaskiya bai fita ba. Da na sayar da Civic ɗin na haɗa da abin da na kashe, da na sayi Golf 4 mai injin 1.8T, wadda Volkswagen ta sa wa turbo tun daga masana'anta da doki 150, na huta. Baba ya faɗa min haka tun ranar farko, na yi kamar ban ji ba. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk sanda na ji fishhh ɗin nan sai in tuna da farashin lita. In na tafi a hankali shan manta bai bambanta da na da ba sosai, sai dai ƙafar ce ba ta jin magana.

Da ƙaramar Sallah muka sake hawa Jos, lodi iri ɗaya, esi a kunne. Bayan Saminaka na tarar da tirela, na sauko giya ta huɗu, tun allura ba ta kai 3,000 ba motar ta miƙe, kafin in ankara tirelar tana cikin madubi. Da muka isa na bar injin yana aiki minti biyu don turbo ya huce kafin in kashe, surukina yana tsaye a ƙofar gida yana mamakin abin da ya hana ni fitowa. Abu ɗaya ya rage: bututun esi ya yi kusa da salansa, in an daɗe a gosulo sanyin yakan ragu. Ranar Asabar zan koma Panteka a yanka min farantin da zai shiga tsakaninsu.