Yau na ga gidana da rana

Yau an tashe mu daga aiki da wuri, hanya kuma babu cunkoso, sai ga ni a ƙofar gida tun rana ba ta faɗi ba. Ƙaramar 'yata tana wasa, ta ɗago kai ta gan ni, amma ba ta rugo ba. Ta ƙura mini ido ta ce, "Baba, ba ka da lafiya ne?" Na yi dariya, sai dai dariyar ba ta kai ciki ba. Ashe a wurinta ni mutumin dare ne: in fita tana barci, in dawo tana gyangyaɗi. Ganina da rana sai ya zame mata alamar akwai matsala.

Na zauna na yi lissafin da na daɗe ina gudu. Awa 2 zuwa, awa 2 dawowa, kwana 5 a mako. A mako 50 awa 1,000 ke nan, fiye da kwana 40 cur a kan kujerar mota. A can na koyi barci a zaune, na san fuskokin abokan tafiyata sarai, ko sunan ɗaya kuwa ban sani ba. In na isa ofis, awar farko ta huce gajiya ce kawai, da yamma kuma rabin hankalina na kan agogo. Kullum nakan ce don iyalina nake wannan wahala. Har yanzu da nake rubutun nan tana zagayowa ta taɓa goshina, ba ta yarda lafiyata ƙalau ba.