Santimita huɗu

Talata, da dare.

Tun jiya da yamma sabuwar kyamarata ta iso, amma ban taɓa komai a kwalin ba sai batiri, shi ma don in sa shi a caji. Na fi son mu haɗu da ita da hasken safiya, idona garau. Barcin dai rabi da rabi na yi shi.

Shekara shida ina aiki da ƙaramar kyamara mai madubi a ciki, wadda farantin ɗaukar haskenta bai kai rabin na wannan ba. Sabuwar ba ta da madubi, kuma farantinta cikakke ne, milimita 36 a 24. Girman nan ba yau aka fara shi ba: shi ne wanda Oskar Barnack ya zaɓa wa kyamarar Leica da ta shiga kasuwa a 1925, zamanin fim. Fim ya ja baya, awon ya zauna. Da na murɗe murfin gaba sai ga farantin a fili, yana ƙyalli kore-kore, bai fi santimita biyu daga baki ba. A tsohuwar, madubi ne ke tsaye a gabansa. Gabana ya faɗi, na yi maza na rufe.

Gilasai uku na haɗa da ita, irin waɗanda ake ɗaurawa a bakin kyamara. Akwai ɗan ƙarami mai milimita 50, wanda ƙofar haskensa ke buɗewa har f/1.8, ba ya jawo abu kusa, ba ya tura shi nesa. Akwai 24-70 na aikin yau da gobe. Sai babban, 70-200, wanda ya haura kilo ɗaya shi kaɗai. Na ɗaura ƙaramin.

Da na kai ido tagar leƙe sai na ga ɗakin ya yi faɗi. Na saba da 50 a tsohuwar kyamara, inda ƙanƙantar faranti ke yanke gefuna har ya zama kamar 75. Yau ne na ga ainihin abin da 50 ke gani: tebur, taga, har da gefen ƙofa. Tagar leƙen ma ɗan allo ne, ba gilashi ba. Ina murɗa maɓalli hoton na yin duhu ko haske tun ban danna ba. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Da hantsi na roƙi ƙanwata ta zauna mini a bakin taga. Haske na zubo mata ta gefe ɗaya, mai laushi, irin wanda mai hoto ke nema ruwa a jallo. Na buɗe ƙofar haske iya buɗewa, na tsaya kamar mita ɗaya daga gare ta, na yi abin da hannuna ya saba: in saita idonta a tsakiyar hoto, in riƙe maɓalli rabi, in ɗan sunkuyar da kyamara don tsari ya yi kyau, sannan in danna. Na ɗauki kusan talatin. A ɗan allon baya duk sun yi kyau, bango ya narke kamar hazo.

"Yaya, in tashi?" ta ce.

"Tashi, an gama."

Ashe ba a gama ba. Da na zuba su a kwamfuta na faɗaɗa, jikina ya yi sanyi. Ɗan kunnenta ya fito tsaf, har ana ganin ƙaramin tabo a jikin ƙarfen, amma idon, wanda dominsa aka yi hoton, ya yi dishi-dishi. Na wuce na biyu, haka. Na goma, haka. Cikin talatin, huɗu ne kawai gashin idonta ya fito ɗaya-ɗaya.

Na daɗe a zaune ina kallo. Da farko zuciyata ta ce gilashin ne. Amma gilashin da ya fito da ɗan kunne haka ba shi da laifi. Sai na ɗauko takarda na yi lissafi. Lambar f ba wani sirri ba ce, tsawon gilashi ne a raba da faɗin ƙofar: 50 a raba da 1.8, ƙofa mai faɗin milimita 28 ke nan, ko kusa. A f/16 kuwa milimita 3 ne da ɗoriya. Na juyo da kyamarar ina kallon cikin gilashin, ina murɗawa, na ga siraran ganyayyakin ƙarfe suna tsukewa kamar ƙwayar ido idan an fita rana. Ƙofa in ta yi faɗi, haske ya shigo da yawa, amma wurin da ke fitowa tas ya sirance. Da 50, a f/1.8, daga mita ɗaya, wurin nan bai wuce santimita huɗu ba, biyu gaba, biyu baya. Faɗin yatsu biyu! Ɗan sunkuyarwar da nake yi bayan na saita ta isa ta tura saitin daga ido zuwa kunne. A tsohuwar kyamara nakan tsaya nesa kaɗan, ƙofar ma ban cika buɗe ta haka ba, shi ya sa wannan ɗabi'a ta ɓuya shekara shida ban gan ta ba.

Na koma na same ta. "Ki yi haƙuri, minti goma kawai."

"Yaya, ai ka ce an gama."

"Ni ne ban gama ba."

Ta yi murmushi ta zauna. Wannan karon na kunna abin bin ido. Wani ɗan akwati kore ya ɗafe a idonta na kusa da ni, ta juya ya bi ta, ta ƙifta ya jira. Na rage ƙofa zuwa f/2.8, na tsara hoton tun kafin in taɓa maɓalli. Hoto na bakwai ne ya tsayar da ni. A cikin baƙin idonta ga tagar nan ƙarama, har da sandunanta, ga kuma inuwata riƙe da kyamara. Ban taɓa ɗaukar abu irin wannan da hannuna ba. Na kira ta ta gani, ta yi shiru tana kallon allon, sannan ta ce in tura mata.

Da la'asar na fita da babban gilashi. Ban yi nisa da shi ba. A 200 rawar hannu na fitowa fili, tsohuwar ƙa'ida kuwa ta ce kada saurin ɗauka ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Na'urar rage girgiza ta ba ni dama na sauka ƙasa da haka, gangar jikin bishiya ta fito tas, amma tsuntsun da ke kanta ya zama zane-zane. Hannuna take tsayarwa, ba fiffike ba. Kafaɗata ta gaji tun ban yi awa ɗaya ba.

A nan na yi kuskure na biyu. Na canja gilashi a tsaye, iska na kaɗawa, bakin kyamara na kallon sama. Da na dawo na gwada ko ƙura ta hau farantin: f/16, na ɗauki farin bango. Ga ɗigo biyu baƙaƙe a kusurwar hagu. Na kifa ta, na hura da ɗan famfon roba, ba da baki ba, don tururin numfashi ya fi ƙurar illa. Ɗaya ya tafi, ɗayan ya ƙi. Ban taɓa farantin ba, ba kuma zan taɓa shi ba sai na samo tsinken gogewa mai daidai girmansa.

Bayan duhu ya shiga na gwada ISO 6400, wato na ƙara wa farantin ƙarfin jin haske, da fitila ɗaya. Yashi-yashi na nan, amma mai taushi, launin fata bai ɓaci ba. Na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, inda kowane launi ke da matakai 16,384, maimakon 256 na JPEG, hoton da aka saba, na ja inuwa sama a kwamfuta, sai ga littattafai sun fito daga lungun da na ɗauka baƙi ne ƙirin. Na tuna kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya haɗa a Kodak a 1975, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya, baƙi da fari, a kaset. Ina cikin wannan batiri ya mutu. Allon leƙe na shan wuta fiye da yadda na saba, dole in nemi na biyu.

Na mayar da manyan gilasan biyu jaka. Mako biyu masu zuwa da 50 kaɗai zan yi aiki, in ina son kusa in taka, zuwa da kai ya fi aike. Ina son ƙafata ta san mita ɗaya ba tare da na auna ba. Ƙanwata ta yarda za ta sake zama gobe ƙarfe takwas, kafin rana ta hau tagar. Zan fara da f/4, in riƙa buɗewa a hankali.