Abin da ke wuyan mai ma'aikata idan annoba ta shigo gari

Tsakanin 27 ga Fabrairu 2020 da aka tabbatar da mai korona na farko a Legas, da 11 ga Afrilu da ta ɓulla a Kano, masu masana'antu da ofisoshi a Arewa sun samu wajen mako shida na shiri. Da yawansu bakin ƙofa suka shirya: maigadi riƙe da na'urar awon zafi, bokiti mai famfo, da kwali a bango cewa ba shiga sai da takunkumi. In ka wuce ƙofar kuwa, ɗakin aiki yana nan yadda yake, tagogi a rufe, mutum ashirin suna shaƙar iska ɗaya, kuma duk wanda bai zo aiki ba an yanke masa kuɗin ranar. Abin da ke yaɗa cuta a wurin aiki yana ciki ne, kuma can ne nauyin maigida yake.

Awon zafi ba laifi ba ne, har ma ƙa'idojin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2021 sun wajabta shi, tare da takunkumi, wurin wanke hannu da tazarar mita 2, kuma sun tanadi tara ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Sai dai abin da na'urar ke kamawa kaɗan ne. Fatar goshi take aunawa, ba zafin cikin jiki ba. Wanda ya sauko daga babur cikin sanyin hunturu zai nuna ƙasa da gaskiyar zafinsa, wanda ya tsaya a rana zai nuna sama. Wanda ya sha farasitamol da asuba zai wuce lafiya lau. Uwa uba, korona tana yaɗuwa tun kafin mai ita ya fara jin komai. In za a yi awon, a yi shi a inuwa, a bar mutum ya huta 'yan mintuna, a sake aunawa idan ta nuna digiri 38. Amma kada a ɗauka an gama aiki.

Iska ita ce abin da aka fi sakaci da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni ga wuraren aiki: lita 10 na sabuwar iska a kowane daƙiƙa ga kowane mutum. Ɗauki ɗakin ɗinki mai tsawon mita 10, faɗin mita 6, tsayin mita 3, da tela 20 a ciki. Suna buƙatar lita 200 a daƙiƙa, wato kubik mita 720 a awa. Ɗakin kansa kubik mita 180 ne, saboda haka dole iskarsa ta sauya gaba ɗaya sau huɗu a kowace awa. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake kafawa a bango ba ta yin wannan ko kaɗan. Iskar cikin ɗakin take ja, ta sanyaya ta, ta mayar. Fankar sama ma juya iskar kawai take yi. Ɗaki zai yi sanyi mai daɗi alhali numfashin mai tari tun safe yana yawo a ciki.

Gyaran ba shi da tsada sosai. A buɗe tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, domin taga ɗaya ba ta jan iska. Inda babu taga ta biyu, a fasa bango a sa fanka mai zuƙe iska zuwa waje, a bar ƙofa ko wata kafa a ɗaya gefen don sabuwa ta shigo. A jikin kwalin fankar ana rubuta yawan iskar da take ja a awa, sai a gwada da lissafin ɗakin. A tabbata ba ta zuba iskar a inda mutane ke zama, kuma kafar da sabuwar iska ke shigowa ba ta kallon ɗakin janareta. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramar na'urar auna iskar kabon da muke fitarwa a numfashi. A waje tana nuna kaɗan sama da 400. In ta tsaya ƙasa da 800 a cikin ɗaki cike da mutane, iska na gudana. In ta haura 1500, a rage mutane ko a ƙara kafa. Lokacin hunturu ne wannan ke lalacewa, saboda ƙura da sanyi kan sa ma'aikata da kansu su rufe tagogin. A nan sai an ɗora wa wani mutum guda alhakin buɗewa, ko da na minti goma ne a kowace awa.

Wannan ba sabon nauyi ba ne da korona ta kawo. Dokar masana'antu ta 1987 tun asali ta hana cunkoso, ta ce kowane ma'aikaci ya samu sararin da bai gaza kubik ƙafa 400 ba, ta kuma wajabta isasshiyar iska, ruwan sha, wurin wanke hannu, bandaki mai tsafta, akwatin agajin gaggawa da kayan kariya. Masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da wannan dokar suke shiga unguwannin masana'antu na Kano irin su Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. Takunkumi da safar hannu da aiki ya wajabta, mai kamfani ne zai saya, ba a cire kuɗinsu daga albashi.

Akwai kuma wuraren da ba a lissafa su a matsayin wurin aiki, alhali nan ne ake cire takunkumi a matsu da juna: motar ɗaukar ma'aikata, ɗakin sauya kaya, layin sa hannu da safe, wurin alwala, da gindin mai abinci inda mutum biyar ke sa hannu a kwano ɗaya. Ba a hana mutane salla ko cin abinci. Ana raba lokaci ne gida biyu ko uku, a fitar da tabarmi fili ƙarƙashin rumfa, a ƙara butoci, mota kuma ta yi sawu biyu da gilasai a sauke. Hikima mafi amfani ita ce a raba ma'aikata rukuni-rukuni waɗanda ba sa cakuɗuwa, kowane rukuni da lokacin shigarsa, motarsa da lokacin cin abincinsa. Idan ɗaya ya kamu, rukuninsa kaɗai za a killace, injin bai tsaya ba.

To amma duk wannan yana rushewa a kan abu ɗaya, wato kuɗin ranar da mutum bai zo ba. Lebura mai karɓar ladan yini, ko ɗan jinga, idan ya san zaman gida na nufin tukunya ba za ta hau wuta ba, zai haɗiye magani ya taho, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Sashe na 16 na dokar ƙwadago ya ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da cikakken albashi idan ba shi da lafiya, muddin likita mai rajista ya tabbatar. A lokacin annoba wannan yana da giɓi biyu. Na farko, killacewar da aka fara da ita a korona kwana 14 ce, kuma wanda aka killace don ya yi cuɗanya da mai cuta ba lallai ya zama marar lafiya ba, balle likita ya rubuta masa takarda. Na biyu, tilasta wa mai zazzaɓi ya je ya bi layin asibiti don neman takarda ƙarin yaɗa cutar ne. Mai hankali sai ya rubuta ƙa'idarsa ta wucin gadi: duk mai zazzaɓi, tari ko ɗaukewar jin ƙamshi ya kira wannan lamba ya zauna gida, kuɗinsa na tafiya, takarda ta biyo baya. A karanta ta da Hausa a gaban kowa, a liƙa a bango. Kuma ta haɗa da masu shara, masu gadi da direbobin da ɗan kwangila ya kawo, domin su ne suka fi kowa zagaya ginin. In kwangilarsu ba ta tanadi haka ba, a zauna da ɗan kwangilar a gyara ta. Za a samu mai fakewa da wannan ya yi hutun banza, babu shakka. Asararsa ba ta kai ta rufe sashe guda na mako biyu ba.

Idan gwamnati ce ta rufe gari, kamar kullen Legas da Abuja daga 30 ga Maris 2020, ko na Kano a Afrilu, magana ta koma sashe na 17. Asali wajibi ne maigida ya ba da aiki ko ya biya ladan ranar. Amma idan wani lamari da ya fi ƙarfinsa ya hana, ladan ranar farko kaɗai ke kansa, na tsawon da bai wuce mako ɗaya ba, sai in jami'in ƙwadago mai izini ya tsawaita. Ke nan ba hurumin maigida ba ne ya wayi gari ya ce babu albashi sai abin da hali ya yi. Rage albashi ko tura mutane hutun da ba biya sauya yarjejeniya ne, sai an tattauna da ma'aikata ko ƙungiyarsu an rubuta an sa hannu, da ranar farawa da ranar sake dubawa. In ta kai ga rage ma'aikata, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da la'akari da ƙwarewa, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Dokar ƙwadagon ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manaja, injiniya ko akanta, takardar ɗaukarsa aiki ce abin dubawa, kuma in rigima ta tashi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraro.

Ranar da wani ya kamu, abin yi a jere yake. A ba shi takunkumi, a kai shi ɗaki mai iska shi kaɗai, a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232. Kada a sa shi a motar ma'aikata. Sai a zauna a fitar da sunayen waɗanda suka yi kusa da shi. A korona ma'aunin shi ne fuska da fuska cikin mita 1 na minti 15 ko fiye, tun daga kwana biyu kafin alamu su bayyana. Nan ne rajistar shiga da jadawalin rukuni ke biyan kuɗinsu, domin in babu su sai dai a yi ta cewa "ina jin ya zauna kusa da wane". Sunan marar lafiya kuma amana ne. Ana gaya wa mutane cewa sun yi cuɗanya da mai cutar, ba a saka sunansa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ban da doka ma, wanda ya ga an yi tallar abokinsa ba zai taɓa kawo rahoton kansa ba.

Batun wanke wuri, an yi ɓarnar kuɗi a feshi. Rumfar da ake fesa wa mutum magani yana wucewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi, domin ba ta taɓa ƙwayar cutar da ke cikin hanci da maƙogwaro, sai dai ta ƙona ido ta tayar da asma. Gogewa da tsumma ake yi, bayan an fara wankewa da sabulu, saboda datti yana kashe ƙarfin bilic. Ƙarfin da ake so ga tebur, mariƙin ƙofa da kan famfo shi ne kashi 0.1 cikin ɗari. In kwalbar ta ce 3.5, mudu ɗaya na bilic ne a kan 34 na ruwa, wato kimanin mililita 570 a cika jarkar lita 20. Ga jini, amai ko kashi, kashi 0.5 ake so, ɗaya a kan shida. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya. A haɗa sabo kullum, a ajiye a inuwa cikin roba mai murfi, don rana da zafi na sace ƙarfinsa. Kada mai shara ya gauraya shi da maganin wanke masai, yana tayar da hayaƙi mai guba. Man goge hannu kuma sai mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa 80 da lambar NAFDAC, a nisanta jarkokinsa da wuta. Bokitin ƙofa, a sa wanda zai riƙa cika shi, don bokiti busasshe da azahar shi ne abin da aka fi gani.

Saura inshora. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ma'aikata zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin wata a asusun hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, daga aljihunsa, ba daga na ma'aikaci ba, kuma ta haɗa har da na wucin gadi da masu koyon sana'a. Ma'aikaci ya sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto cikin kwana 7, mutuwa kuma nan take. Wuyar ita ce tabbatar da cewa a bakin aiki aka ɗauki cutar, abin da ya fi sauƙi ga ma'aikacin asibiti fiye da na kanti, kuma rubutattun bayanan nan ne hujja ga ɓangarorin biyu.

A ranar 5 ga Mayu 2023 aka janye matsayin korona na dokar ta-ɓacin lafiya ta duniya, amma a waccan shekarar Kano tana fama da mashaƙo. Shirin da aka yi wa wata cuta ba ya zama daidai ga wata sai an duba hanyar yaɗuwarta. Mashaƙo da sanƙarau suna bin numfashi da cunkoso, kuma suna da allurar rigakafi, don haka a ba ma'aikata lokaci su je a yi musu. Kwalara ta ruwan sha ce da bandaki da hannun mai dafa abinci, takunkumi ba ya mata komai. Zazzaɓin Lassa kuwa, mai sito da mai injin niƙa su fara da toshe ramukan ɓeraye, rufe buhunan hatsi, da yayyafa ruwan bilic kafin a share kashin ɓera, maimakon a tayar da ƙurarsa da tsintsiya.