Jan ɗigo

Asabar.

Fam 40 ɗin nan har yanzu suna cikin ƙaramin zif na jakata, a naɗe cikin rasit ɗin mai kifi. Tun daren jiya na ware su. Niyyata idan an kusa tashi daga baje kolin in lallaɓa wurin matar da ke kan tebur in sayi zanen ƙanena Auta a ɓoye, kada kowa a sayi nasa, shi kaɗai ya dawo da nasa gida a leda. Ko Baban Ummi ban gaya wa ba.

Yayyafi tun asuba. Ummi ta ce ita ba za ta sa takalmin ruwa ba. Mun makara, kamar kullum.

Zauren ba wani babba ba ne, amma an gyara shi. Su masu zanen, masu larurar fahimta, su ne da kansu a bakin ƙofa suna tarbar mutane, Auta a cikinsu, ya sha shaddarsa ta Sallah da jaket a kai. Ashe yawon Talatar nan da suka yi wata da watanni suna yi, wanda nake ta mitar yana cinye masa takalmi, ga abin da ya haifa. Wani motocin bas kawai ya zana, ja bayan ja. Wata ta shimfiɗa takarda a kan murafen kwalbati ta goga kala har rubutun ƙarfen ya fito. Akwai wanda ƙarar jirgi ya ɗauka a ƙarƙashin gadar tashar Peckham Rye, sai ka sa abin kunne ka ji. Bayanin kowane aiki da manyan haruffa da hoto a gefe, yadda su ma za su karanta, sannan an ware ɗaki ɗaya shiru ga wanda hayaniya ta dama.

Na Auta yana bangon ƙarshe. Doguwar takarda, ta kai sallaya biyu in an haɗa. Rye Lane ce, layinmu a nan Landan, tun daga wajen laburare har gada. Doya a jere, ayabar suya, busasshen kifi, mai gyaran waya a ɗan akurkinsa, bas mai lamba 343 da mai lamba 12. Har mahaucin da nake sayen kaza a wurinsa, da biron nan da yake soke wa a bayan kunne. Shekara nawa ina tsayawa gaban mutumin nan ban taɓa lura da biron ba sai yau a takarda.

A ƙasan sunansa kuwa, ɗan jan ɗigo a manne.

Na san ma'anarsa sarai, amma sai da na je na tambaya. Matar ta washe baki ta ce an saya, ko minti 20 ba a yi da buɗewa ba. Na ce wa ya saya? Ta ce wani mutum ne da ke bin layin kullum zuwa aiki. Sai na ji bakina ya ce, "Ya san waye ya zana?" Ta ɗan dube ni. Ta ce bai tambaya ba, ya daɗe tsaye a gaban zanen, ya biya, ya ce zai dawo ɗauka ranar rufewa.

Maimakon in yi guɗa, wallahi haushi na ji. Haushin wa? Wani da ban sani ba zai rataye layinmu a falonsa, ni da ke wanke fenti daga hannun riga ko hoto mai kyau ban ɗauka ba. Haka na gaya wa kaina a lokacin.

Auta ya zo da biskit a hannu.

"Yaya, an saya."

"Na gani, Auta. Barka."

"Kuɗina ne."

"Naka ne mana."

"Ba na cefane ba."

Na yi dariya har na kusa ƙwarewa. Na ce to ina gidanmu a ciki? Ya ce, "Ai kin san gida." Ya wuce abinsa wurin abokansa.

Da magariba na kira Hajiya. Murna, addu'a, sai kuma ta ce, "Allah sarki, Turawan nan da tausayi. Sadaka dai suka ba shi a fakaice." Nan na hau. Na ce Hajiya ba sadaka ba ce, ciniki ne. Na kawo mata labarin Nnena Kalu, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, aka haife ta a Glasgow a 1966, ita ma mai larurar fahimta, magana ma ba ta cika yi ba. Tun 1999 take aiki da ActionSpace, ƙungiyar da ke tallafa wa masu zane masu larurar fahimta a nan Landan, tana nannaɗe tsummoki da zaren tsohon kaset ɗin bidiyo su zama manyan dunƙule a rataye, har ta ci kyautar Turner ta 2025, babbar kyautar masu zane ta Birtaniya, a Bradford, fam 25,000. Na ce wannan ma sadaka ce? Hajiya ta yi shiru, ta ce, "To, Allah ya yi albarka," muka yi sallama.

Ina ajiye waya na tuna da zif ɗin jakata. Abin da Hajiya ta faɗa da baki, ni da shi na fita daga gida a naɗe cikin rasit. Ita ko ba komai tana da uzuri, a zamaninta in baƙi sun yi sallama cewa ake a shigar da Auta ɗaki. Ni da nake cika fom, nake faɗa da duk wanda ya kira shi dolo?

Tuwon ya yi ruwa. Ba wanda ya yi magana.

Auta ya roƙo ragowar jajayen ɗigon a wurin matar. Yanzu akwai ɗaya a jikin firij, ɗaya a goshin Ummi, ɗaya a kan butar alwalata. Na tambaye shi nawa ya sayar da butar, ya ce ba a gaya wa mutane.