Ɗan ƙwaron cikin furen wake

Tun da na dawo daga gonar Kawu Sale da hantsi, maganar ɗan ƙwaron da muka gani a cikin furen wake ta ƙi barin zuciyata. Na je ne in taya Habu ɗebo ruwan feshi, sai na tsinki fure ɗaya na buɗe shi a tafin hannuna, na ɗora masa gilashin ƙara girma na makaranta. Ban da ƙananan ƙwarin tirips masu sa fure ya zube kafin ya ƙulla, akwai wani baƙi mai fiffike fari-fari, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, ya soke ɗaya daga cikinsu da bakinsa mai kama da allura yana tsotse shi.

Na kira Kawu ya duba, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi ko wane iri ne. Na gaya masa cewa daga dangin Anthocoridae yake, a cikin babban rukunin Hemiptera na ƙwari masu bakin tsotso, kuma kamanninsa na jinsin Orius ne, wanda masana suka raɗa wa suna tun 1811. Da na ƙara da cewa danginsu da na kuɗin cizo suna ƙarƙashin reshe ɗaya mai suna Cimicoidea, sai ya miƙo mini gilashina ya ce, "Ai ka gama magana, ɗan nan. Ɗan'uwan kuɗin cizo ba zai kwana a gonata ba."

Na ce, "Kawu, zumuncin na tsarin jiki ne, amma abincinsu ya bambanta, domin wannan tirips da darɓa da ƙwan tsutsa yake ci." Ya tambaya ko yana cizon mutum, na amsa masa cewa wasunsu sukan ɗan soki fata, sai dai ba jini suke rayuwa a kai ba. Ya kaɗa kai kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne dangin nan yana da nau'i sama da 500, kuma kusan babu nahiyar da ake noma a cikinta da ba a samunsu. Orius albidipennis ya saba da busassun ƙasashe na Afirka da Gabas ta Tsakiya, Orius insidiosus yana Amurka, a Turai kuwa ana kiwon Orius laevigatus a sayar wa masu noman tattasai a gidajen gilashi. Har a rumbu akwai ɗan'uwansu Xylocoris flavipes, mai cin ƙwai da tsutsotsin ƙwarin hatsi. Wasu da kuɗinsu suke sayen abin da Allah ya ajiye mana kyauta a cikin fure.

Ban ga laifin Kawu ba, domin bara tirips sun kakkaɓe masa fure har waken bai cika buhunan da ya saba samu ba.

Bayan la'asar Habu ya goya tankin feshi ya fara bin gonar kunya-kunya, ni kuma na kasa cin tuwon dare da daɗi. Gobe da safe zan roƙi Inna ta sa baki Kawu ya bar mini kunya biyu na gefen rafi ba feshi, tunda maganarta yake ji.