Abin da na koya a aikin jakar buhu kafin na ajiye shi

Tunda magana ta riga ta zaga gari cewa na bar wurin aikin da nake kula da mata masu ɗinka jaka da tsohon buhu da leda, har wasu na cewa kora ta aka yi, gara ku ji daga bakina. Ba wanda ya kore ni, ni na rubuta takarda na kai da hannuna. Kuma masu turo min saƙo kuna tambaya ko sana'ar mayar da shara kayan amfani tana ci, musamman ku ƙungiyoyin mata na wajen Ringim da Gumel da kuke shirin farawa, don ku na zauna na yi wannan rubutun, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Sana'ar tana ci, wannan ba na ko tantama. Mu nan ai ba baƙin abin ba ne, tun muna yara muke ganin aci-balbal ta gwangwanin madara da guga na tiyub da takalmin taya a ƙafar makiyaya, ga tukunyar da maƙera ke zubawa da gwangwanin lemo. Abin da ya canza shi ne yanzu akwai mutane a Turai da Amurka da za su biya kuɗi mai kauri saboda an ce musu daga bola aka ceto kayan. To a nan fa matsalar take shigowa, don mai magana da waɗannan masu sayen daban, wadda hannunta ke cikin baho daban.

Ogan namu a birni yake zaune, sai dai ya zo ya ga kaya ya koma kafin la'asar. Akwai kalma ɗaya da ba ta barin bakinsa, "ai kayan aikinku kyauta ne". Da wannan kalmar ya yanka mana kuɗin hannu, kuma da ita yake rufe duk wani ƙorafi. Alhali duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san buhu ba shara ba ne. Manomi na buƙatarsa ya zuba gero da riɗi, mai zoɓo na buƙatarsa, wasu su farke shi su ɗinke shimfiɗar shanya tattasai, da kaka ta ƙarato ka je kasuwar Gujungu ka ga yadda kuɗin tsohon buhu ke tashi, mu da manoma muke rububinsa kuma su ba sa zaɓe, mu kuwa sai mai kyan rubutu wanda bai huje ba, wanda ba a taɓa zuba masa taki ko maganin ƙwari ba. Ledar fiya wata ita ce za a iya cewa a ƙasa ake tsinta, amma yaran da ke tsinto ta sai an biya su, sannan a tsaga kowace ɗaya da almakashi, a wanke ciki da waje, a ɗauraye, a shanya a igiya, iska ta kwashe rabi a bi a tsinto a sake wankewa. Ruwan ma saye ake daga 'yan garuwa ran da famfon sola ya ƙi.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, kowa Inna yake ce mata, idonta ba ya iya zura zare a allura yanzu don haka wanki ne rabonta. Na sha kama hannunta in duba, tsakanin yatsun duk ya tsattsage ya yi fari saboda omo da ruwan bilic, da daddare sai ta shafa man kaɗanya ta ɗaure da tsumma. A lissafin oga aikin Inna babu shi. Jakar da aka gama ɗinkawa ita yake biya, sai mu matan mu zauna mu tsakuro daga na masu keke mu ba masu wanki. Na faɗa masa ba sau ɗaya ba, ranka ya daɗe wankin nan ya fi ɗinkin cin lokaci, sai ya ce Malama ke dai kina son wahalar da lissafi.

Don kar ya zama ni kaɗai ke gani haka sai na shiga bincike a waya, yadda masu irin sana'armu a wasu ƙasashe suke yi. Akwai kamfanin Freitag a birnin Zurich na Suwizalan, wa da ƙani ne suka fara shi a 1993, suna yanka tsohon tamfol na manyan motoci su ɗinka jaka, bel ɗin kujerar mota ya zama maratayi, tiyub ɗin keke ya zama baki. Suna da ma'aikata na musamman masu yawo neman tamfol mai kala, wasu na farkewa, wasu na wanki da ruwan sama da suke tarawa daga rufin masana'antar, kowane mataki an san aiki ne kuma yana cikin farashi. Babban abin da ya tsaya min a rai, jakarsu ba ta taɓa zama iri ɗaya da 'yar uwarta tunda kowace daga gefen tamfol daban aka yanko ta, kuma wannan bambancin shi suke sayarwa, mai saye yana alfahari ba mai irin tasa. A Accra ta Ghana akwai Trashy Bags da suke ɗinka irin ledar ruwan nan tamu tun 2007, a Kenya akwai Ocean Sole masu tsinto silifas daga bakin teku su manna su sassaƙa raƙumin dawa da giwa. Duk na nuna masa. Ya ce in daina kwatanta kanmu da manya.

Sai ga maganar odar nan da ta kawo ƙarshen zamana. Ya je wani baje koli ya tafi da samfur ɗaya, jakar da muka yi da wani buhun shinkafa mai shuɗin rubutu da maratayi na tiyub, wata mai shago a Jamus ta gani ta so. Ba tare da ya kira kowa ba ya amsa mata jaka 600, duk iri ɗaya sak da samfurin, kuma ya sa lokacin bayarwa a tsakiyar damina. Da ya faɗa min a waya sai da na zauna. Na ce ranka ya daɗe irin wannan buhun a wata guda da ƙyar muke samun 'yan kaɗan masu kyau, kuma yanzu rana ba ta tsayawa, abin da aka wanke sai ya kwana biyu bai bushe ba ya fara wari, matan ma rabinsu suna kai abinci gona, ka roƙe ta ta yarda da kala daban daban ko ta ƙara mana lokaci. Ya ce shi ya riga ya sa hannu, kuma wai shara ce fa, ko'ina akwai.

Da ya ga da gaske babu, kun san abin da ya yi? Mota ya turo mana da sababbin buhuna dal daga Kano, a ɗaure cikin bandir ko ƙura ba su taɓa gani ba, ya ce a ɗan jiƙa su a murza su yi kamar tsofaffi. Wallahi ranar na ji kunyar matan nan. Su aka tara tun farko aka ce musu aikinsu tsaftace gari ne, aka ɗauki hotunansu a tsakar gidajensu bayan mun sha wahalar shawo kan mazajensu, ga shi yau an ce su tsufar da sabon buhu don a rubuta a takarda cewa daga bola ya fito. Inna ta kira ni gefe ta ce 'yar nan wannan ba algus ba ne kuwa? Na ce algus ne Inna. Na kira shi na faɗa masa haka, kuma na ce ba zan sa hannu a takardar da ke cewa tsofaffi ne ba. Shi ya sa hannun da kansa.

An ɗinka dai, mata sun yi kwana a kan keke da fitilar waya. Amma abin da ya kashe odar ma ba buhun ba ne, maratayin ne. Tarayyar Turai na da dokar sinadarai da suke kira REACH, kuma tun Disambar 2015 ta sa iyaka a kan wasu sinadarai masu jawo cutar daji da ake kira PAH a duk robar da za ta riƙa taɓa fatar mutum, robar taya da tiyub kuwa na cikin wuraren da ake samunsu. Mai shagon nan ta Jamus ta nemi takardar gwaji daga ɗakin bincike tun a saƙonta na farko, daga baya na ga saƙon da idona. Ya ƙi kashe kuɗin gwajin, yana ganin in kaya suka haɗu za ta haƙura. Ba ta haƙura ba, don ita hukuma za ta kama in aka samu matsala a shagonta. Ta janye.

Sai aka kira taro, da shi da mutanen da ke ba shirin tallafi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. A gaban matan da na shekara da shekaru ina shiga gidajensu ya ce odar ta lalace ne saboda mai kula da aiki, wato ni, ba ta iya tsare inganci ba, ɗinki ya karkace, an makara. Bai ambaci gwaji ba, bai ambaci sababbin buhuna ba. Da na ɗaga hannu sai ya ce Malama za mu yi wannan a ofis. Kuma ya sanar cewa tunda mai saye ba ta biya ba, kuɗin hannun wannan aikin sai a yi haƙuri. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, don kafin alƙalami da matar ta turo tun farko yana wurinsa, kuma jakunkunan na gan su daga baya a Instagram ana sayar da su ɗai ɗai a Abuja da hoton Inna a gefe. Har yanzu in na tuna zaman nan ƙirjina zafi yake, ba don sunana kaɗai ba, don yadda matan suka sunkuyar da kai suna ganin kamar su suka yi laifi.

Shi ya sa abu na farko da nake gaya wa duk mai tambayata, ku san mai sayenku da kanku. Ko ba kwa jin Turanci ku sa ɗanku ko ƙanwarku a cikin kowane saƙo, ku ga abin da aka yi alkawari da sunanku kafin a sa hannu. Mai riƙe da lambar kwastoma da akawun ɗin da kuɗi ke shiga shi ke da kasuwar, mu da muke da keke da almakashi 'yan ƙwadago ne kawai ko da an kira mu abokan hulɗa a takarda. Kuma hanyar karɓar kuɗin waje ita ce ta fi ɗaure mu a hannunsa, lokacin da muke aikin, manhajar biyan kuɗi ta intanet PayPal yana barin ɗan Najeriya ya biya amma ba ya barinsa ya karɓa, dole sai ta hannun mai asusun dala. Ku yi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da sunan ƙungiyarku, in kuna nufin fitar da kaya ku yi ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ku buɗe asusu da sa hannun mutum biyu a cikinku.

Sauran a taƙaice. Kar ku taɓa amsa oda mai yawa iri ɗaya sak, kayanku ba daga injin suke fitowa ba, ku ce wa mai saye girma ɗaya ɗinki ɗaya amma kala yadda Allah ya kawo. Ku sa wanki da tsinta da ruwa a farashi. Zif da zare da yadin shafi sababbi ake saye daga Kano, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin motar kawo su kaɗai ya isa ya cinye ribar ƙaramar oda. Buhun taki da na siminti ku bar su daga duk abin da zai taɓa abinci ko littafin yaro. In sunan kamfani ya fito ɓaro ɓaro a jikin buhu ku yi hattara, shagunan waje na tsoron rigimar tambari.

Kuma don Allah kar ku raina kasuwar gida. Gaskiya ne budurwa a nan ba za ta rataya jakar buhu ta je biki ba, za ta ce jakar bola ce, ta fi son 'yar China mai ƙyalli ko da sati biyu za ta yi ta ɓare. Amma jakar Islamiyya da aka yi wa shafi da ƙyallen atamfa daga wurin teloli, da jakar cefane, da tabarmar leda ta saƙar kwarashi, waɗannan ba su taɓa kwana a hannunmu ba ran kasuwa, kuɗi hannu ba jiran alat daga Turai. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana robar soso ta zuba abinci a 2024, in irin wannan doka ta iso Kano da Jigawa masu ɗinka jakar cefane mai ƙarko su za su fara cin moriya, duk da dai ranar da aka taɓa ledar fiya wata masu saƙa da ita sai sun nemi wani abin. Gwanjon da ya ƙi sayuwa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ma kaya ne, telolin kasuwar Kantamanto ta Accra da shi suke rayuwa, suna farke wando su fitar da siket da jaka, har gobarar Janairun 2025 da ta cinye babban ɓangaren kasuwar ba ta hana su komawa kan keke ba.

Ni yanzu ina gida da keke biyu da mata kaɗan da suka biyo ni, Inna na ciki kuma wankinta da kuɗinsa a rubuce. Kuɗin odar nan kuwa ba mu yafe ba. Sunan kowace mace da yawan jakar da ta ɗinka da abin da take bi duk suna cikin littafina, na ba mai unguwa kwafi ɗaya, na tura wa masu tallafin ɗaya haɗe da hoton bandir ɗin sababbin buhunan da ranar da aka sauke su. Sun ce za su zo bayan kaka su ji daga bakin matan, kuma na riga na gaya musu wannan karon ba a ofis za a yi ba.