Abin da tsohuwar libarba ta koya min

A cikin duk kayan tarihin da nake aikin tantancewa da rubutawa a rajista anan Kaduna, babu wanda yake zuwa da dogon labari irin tsohuwar bindiga, musamman libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai silinda da ke juyawa. Kowa yazo da tashi sai kaji ai ta kakanmu ce, da ita aka ci Kano, ko kuma wai Gwamna Lugga ne da kansa ya bashi. Ni kuma wanda ya koya min aikin, wani dattijo ne da ya daɗe yana kula da ɗakin makamai a soja kafin ya yi ritaya, abin da ya dasa min shine ka fara karanta ƙarfen tukunna kafin ka saurari bakin mutum. Kamar dai mai sayen rago a kara ne, duk abin da dillali zai faɗa sai ya buɗe baki ya duba haƙori.

Kafin komai dai sai ka tabbatar babu harsashi a ciki, hancinta yana kallon ƙasa, yatsanka nesa da kunama. Wannan kam Baba baya wasa dashi ko kaɗan, ko bindigar ta shekara ɗari a ƙasan adaka cewa yake ɗana ka ɗauka a ɗure take.

Yawancin waɗanda muke gani a wannan yankin ƙirar Webley ce ta Birmingham a Ingila, saboda ita hafsoshin Turawa suka riƙe tun zamanin rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa a 1897, har zuwa lokacin da suka baro Zungeru suka dawo da hedikwata Kaduna a 1917. Wajen buɗe ta ana lanƙwasa ta ne ta buɗe ta sama sai ta watso kwanso shida gaba ɗaya. To anan ne ilimin yake, domin Webley kala kala ce. Mark I sojan Ingila sun karɓe ta a 1887, Mark IV a 1899, Mark V a 1913, sai Mark VI mai dogon baki inci shida da mariƙi mai kusurwa a 1915. Kano kuwa a watan Fabrairu na 1903 ta faɗi, Sakkwato a watan Maris. Don haka idan mutum ya miƙo maka Mark VI yace da ita aka shiga Kano, kasan ba zai yiwu ba, shekara 12 ne tsakanin yaƙin da ƙera bindigar. Ba wai ƙarya yake ba fa, haka shima yaji daga iyayensa, kuma sau tari idan ka bi a hankali zaka tarar kakan nasa ɗan Boma ne, cikin waɗanda suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 ko ta 82, labarin ne ya cakuɗe a hanya. Wallahi gaskiyar tafi abin da suka zo dashi daraja, amma faɗa musu sai da lallashi da ladabi, don kakan mutum kake taɓawa.

Sai tambura. Alamar kibiya mai faɗin kai na nufin kayan gwamnatin Ingila ne, idan kuma kibiya biyu ce suna fuskantar juna to an sayar da ita daga hannun soja bisa ƙa'ida. Rashin kibiyar kuma baya nufin jabu ce, don hafsoshi da yawa a da da kuɗinsu suke sayen tasu, wani har a zana sunansa a jiki. Akwai kuma ƙananan hatimai na gidan gwajin bindigogi na Birmingham wanda aka kafa tun 1813. Lambar da ke gangar jikin bindigar dole ta yi daidai da ta bututu da ta silinda mai juyawa, in sun saɓa to haɗe haɗe ne. Akwai ma na kwaikwayo da maƙera ke yi da hannu a yankin Khyber na Pakistan, zaka ga haruffan a karkace ko an buga wani a juye.

Abin da yafi ci min rai a aikin nan shine gyaran ƙauna. Mutum zai ga bindigar ta yi duhu sai ya samo sanfefa ya goge ta tas har tana walƙiya, ko ya kai wa mai fenti, ko ya jiƙa ta da baƙin mai, a ganinsa mutunta ta yake yi alhali ya share tamburan da zasu faɗa mana shekararta da inda ta bi, kuma abin da sanfefa ta ci baya dawowa har abada. Wannan launin ƙasa ƙasa mai santsi da tsohon ƙarfe ke yi ba cuta bane, a barshi. Tsatsar da ake tsoro ita ce ja mai gari wadda take cin rami, ita ma a hankali ake tsayar da ita ba da ƙarfi ba. Ka duba kan sukurori ma, in sun dagargaje kasan wani ya taɓa buɗe ta da sukundireban da bai dace ba. Ka haska tocila cikin bututu ka ga ko layukan ciki suna nan ko ramuka sun cinye su, don harsasan da suna barin gishiri mai jawo tsatsa in ba a wanke ba. Silinda kuma in tana girgiza ko bata tsaya saitin bututu ba to ta gaji. Kuma ko lafiyarta ƙalau a ido bamu taɓa gwada harbawa, ba aikinmu bane.

Wurin ajiya, daminar Kaduna ba ta da tausayin ƙarfe. Kube na fata yana riƙe danshi, shi yasa muke raba su mu ajiye kowanne daban, mu sa safar hannu saboda gumi, mu shafa kakin zuma na musamman siriri.

Toh sai tambayar da kowa ke yi, nawa za ta yi? A Ingila ko Amurka akwai masu tara irinsu da gidajen gwanjo, can ne ake maganar farashi, kuma can ɗin ma wadda ba a taɓa ba mai lambobi daidai ita ke da kuɗi. Anan Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma tsufa bai cire ta daga ciki ba, har irin mai ƙanƙara ta zamanin da tana cikin jerin. Ni bana sa wa kowa farashi. Wanda ya tsinci irinta a kayan gado abin da nake ce masa shine kada ya ɗauko ta a jaka ya hau keke napep ya zo nuna min, ya bar ta inda take ya sanar da 'yan sanda a yi komai a rubuce.

Abin da nake roƙon iyalai su riƙe da kyau shine sauran abin da ke cikin adakar, littafin sallama daga soja, lambar yabo ta Bama, tsohon hoto da kaki, lambar aikin marigayin. Waɗannan babu dokar da ta hana ajiye su, kuma da su ne muke iya rubuta a rajista cewa wane ɗan wane ne ya riƙe wannan bindigar, a runduna kaza, shekara kaza.